Jakar barci mai araha kuma mara nauyi don hawan Kilimanjaro: wacce za a saya?

Dan_Tsauni88
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. In Allah ya yarda a watan Agusta za mu hau Kilimanjaro ta hanyar Machame, tafiyar kwana bakwai, dare shida a tanti. Kamfanin da zai kai mu ya ce kowa ya zo da jakar barci da za ta iya da sanyin digiri 10 ƙasa da sifiri. Na duba a intanet na ga wata an rubuta mata -15, nauyinta gram 900 kacal, kuɗinta bai kai dala 40 ba. Na kuma ga wata mai -7, ta fi ta nauyi, amma kuɗinta ya ninka na farkon sau huɗu. Me ya kawo wannan bambanci? Kuma wacce ta dace da mai ƙaramin ƙarfi?

Injiniya_Gwale
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kusanci ta dala 40 ɗin nan. Jakar da ba ta kai kilo ɗaya ba, ta riƙe ɗumi a -15, ba a samunta a wannan kuɗi ko a gwanjo. Lambar da ka gani mai sayarwa ne ya rubuta da kansa.

Akwai gwaji na ƙasa da ƙasa da ake yi wa waɗannan jakunkuna. Da sunansa EN 13537, daga 2016 ya koma ISO 23537. Ana saka mutum-mutumi mai na'urar ɗumama jiki a cikin jakar, sanye da doguwar rigar ciki da wando, a kan shimfiɗa mai kauri, a ɗakin da aka sanyaya, sai a auna zafin da ke zurarewa. Daga nan ake fitar da lambobi uku da za ka gani a jikin takardar jakar. Comfort shi ne sanyin da mace mai matsakaicin jiki za ta yi barci a miƙe ba ta takura ba. Limit shi ne inda namiji zai iya barci amma a duƙunƙune. Extreme kuwa ba na barci ba ne sam, iyakar da mutum zai yi kamar awa shida yana karkarwa bai mutu ba ke nan, kuma ko a hakan yatsunsa na iya lalacewa. Masu arha wannan ta ukun suke bugawa da manyan baƙaƙe. Jakar da Extreme ɗinta -15 ne, yawanci Comfort ɗinta yana wajen digiri 5 sama da sifiri. In ba ka ga ISO ko EN a rubuce tare da lambobin nan uku ba, ka ɗauka babu gwajin da aka yi.

Hauwa_Mai_Tafiya
Ƙari a kan bayanin Injiniya. In akwai mace a cikin tawagarku, ko wanda bai saba da sanyi ba, da Comfort kaɗai zai yi lissafi. Wanda ya tashi a Sakkwato ko Maiduguri kada ya yaudari kansa da Limit. Ga gajiya, ga ƙarancin iska a can sama, ga rashin cin abinci sosai saboda tsawo yana kashe sha'awar abinci, duk waɗannan suna sa jiki ya kasa samar da ɗumi kamar yadda yake yi a gida.

Sarkin_Hanya
A kula da ma'aunin Amurka kuma. In ka ga jaka an sa mata suna da 20, ko 0, kamar Kelty Cosmic 20, Fahrenheit suke nufi. 20 ɗinsu daidai yake da kusan -7 namu, 0 ɗinsu kuma kusan -18. Sannan lambar da ke cikin sunan ta fi kusa da Limit, ba Comfort ba.

Dan_Tsauni88
Na gode ƙwarai. To amma da gaske sanyin yana kai -10? Tanzaniya fa kusa take da tsakiyar duniya.

Malam_Geography
Yana kaiwa, ɗan'uwa. Lissafin ba shi da wuya. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Garin Moshi da ke gindin dutsen bai kai mita 1,000 ba. Sansanin Barafu, inda za ku kwana kafin hawan ƙarshe, yana wajen mita 4,670. Tazarar ta kusa mita 3,800, wato faɗuwar kusan digiri 25. In daren Moshi a Agusta yana 15 ko 16, to Barafu yana wajen -9. Ga shi Agusta lokacin rani ne a can, sararin sama fes babu gajimare, kuma daren da babu gajimare ya fi kowane sanyi domin ƙasa tana sakin zafinta kai tsaye.

Ba Barafu kaɗai ba ma. Shira yana wajen mita 3,800, Barranco kusan 3,950, Karanga kusan 4,000. Duk waɗannan ana tashi da safe a ga raɓa ta daskare a jikin tanti. Daren farko a sansanin Machame, wajen mita 3,000, shi ne mai sauƙin sanyi, sai dai shi kuma damshi ne matsalarsa domin yana bakin daji mai yawan ruwa. A Barafu barcin ma kaɗan ne, da tsakar dare ake tashi a nufi Uhuru, ƙololuwar dutsen, mai mita 5,895. Darare ukun da suka gabaci daren Barafu su ne waɗanda in ba ka yi barci ba za ka isa can sama a galabaice.

Baba_Alhaji_Jos
Yaro, ga abin da ba wanda ya faɗa maka tukuna. A Kilimanjaro ba kai ne za ka ɗauki jakar barcinka ba. Doka ta tilasta tafiya da ɗan jagora, kuma kusan kowace tawaga da 'yan dako take tafiya. Babbar jakarka suna ɗauka, yawancin kamfanoni sun ƙayyade ta a kilo 15. Kai ƙaramar jakar goyo kawai za ka riƙe, da ruwa da rigar ruwa. To me zai sa ka biya kuɗin rashin nauyi? Abin da ke sa jaka tsada shi ne haɗa ɗumi da rashin nauyi wuri ɗaya. Ka saki rashin nauyin, ka riƙe ɗumin. Jakar audugar roba mai Comfort -10, mai nauyin kilo 2 da ɗoriya, za ta yi maka aiki daidai da ta masu kuɗi, a ƙasa da rabin farashi.

Injiniya_Gwale
Baba, maganarka gaskiya ce, amma a duba girma ma, ba nauyi kaɗai ba. Ta audugar roba mai wannan ɗumi ko an matse ta tana cin lita 20 ko fiye a cikin kaya. Ta gashin agwagwa mai ɗumi iri ɗaya tana komawa kusan rabin haka. In babbar jakarsa mai lita 80 ko 90 ce babu damuwa. In ƙarama ce, rigar sanyi da takalmin sansani ba za su samu wuri ba. Kuma kilo 2 da rabi daga cikin 15 ba kaɗan ba ne.

Ummu_Safiyya
Don Allah a yi mana bayanin gashin agwagwar nan dalla-dalla. Ina ganin ana rubuta 650 FP, 800 FP, 90/10. Mece ce ma'anarsu?

Injiniya_Gwale
To Hajiya. Ba gashin fiffike ake nufi ba, lallausan gashin nan ne na ƙasa-ƙasa da ke jikin ƙirjin agwagwa ko dinya, wanda ba shi da kara a tsakiya. Shi kansa ba ya ba da zafi. Kumburin da yake yi ne ke tsare iska, iskar kuma ta riƙe ɗumin jikinki. Lambar FP tana nuna yawan kumburin da gram 28 na gashin yake yi. 550 zuwa 650 shi ne na masu araha, 800 zuwa sama na masu tsada. 90/10 kuma yana nufin kashi 90 lallausan gashi, kashi 10 ƙananan gashin da ke da kara. 80/20 ma ba laifi. In ya sauka ƙasa da haka za ki ji karare suna tsikarinki ta cikin yadin.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne su ɗauka 800 ta fi 650 ɗumi. Ba haka ba ne. Sai kin haɗa lambar da nauyin gashin da aka zuba. Gram 450 na 850 FP, da gram 590 na 650 FP, kumburinsu ɗaya ne, ɗuminsu kusan ɗaya. Bambancin gram 140 ne kawai, amma a kuɗi ninki ne. Saboda haka mai neman araha ya nemi 600 ko 650 da aka zuba da yawa. Don Comfort wajen -10, ki sa ran gashin 650 zai kai gram 900 zuwa kilo ɗaya, jakar gaba ɗaya ta tashi a kilo ɗaya da rabi ko ta ɗan haura. Duk mai sayarwar da ya ƙi rubuta nauyin gashin da ke ciki, ya rubuta nauyin jakar kaɗai, a bar masa kayansa.

Dan_Mambila
Ni dai ba na goyon bayan gashin agwagwa ga mutanenmu. Da ya jiƙe ya cure wuri ɗaya, kumburin ya tafi, kuma a kan hanya ba ya bushewa da wuri. Audugar roba ko ta yi damshi tana riƙe wani abu na ɗumi, in ka shanya ta awa biyu a rana ta dawo. Wanda zai sayi jaka ɗaya ya yi Kilimanjaro da ita, gobe kuma ya nufi Chappal Waddi a Taraba, ya tuna can raɓa da hazo ne ke wahalar da mutum fiye da sanyi.

Sarkin_Hanya
Dan_Mambila, jaka ɗaya ba za ta yi wurare biyun nan ba ko da wace iri ce. Chappal Waddi mita 2,419 ne. Ka shiga jakar -10 a can, gumi zai jiƙa ka, sai ka buɗe zif ka kwana rabi a waje. Mai Comfort wajen 5 ta ishe shi, kuma irin wannan ce ake samu da araha, mara nauyi, ƙasa da kilo ɗaya. A nan kam na yarda da kai, audugar roba ce daidai. Amma wanda zai je tsaunukan Bagzan a yankin Agadez a watan Disamba ko Janairu, can sanyin busasshe ne kuma yana iya taɓa sifiri da asuba, gashin agwagwa ya fi dacewa.

Hauwa_Mai_Tafiya
Maganar jiƙewa tana da magani. A sa jakar barcin a cikin jaka mai hana ruwa, irin mai naɗe baki, kafin a saka ta a babbar jaka. Kada ku dogara da leda, domin Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun Yunin 2019, ana iya karɓe ta a filin jirgi. Kuma yawancin damshin da ke shiga jaka daga mai ita yake fitowa. Mutum ya ji sanyi sai ya cusa kansa ciki yana numfashi, tururin bakinsa ya jiƙa gashin, bayan dare uku jakar ta rage kumburi. Hanci da baki a waje suke zama. A ja igiyar hular jakar har sai ɗan ramin numfashi kaɗai ya rage.

Malam_Geography
Duk mun tsaya a kan jaka mun manta ƙasa. Ɓangaren jakar da ka kwanta a kai a matse yake, babu kumburi, babu ɗumi. Abin da ke raba ka da sanyin ƙasa shi ne shimfiɗa. Ita ma tana da tata lambar da ke nuna yadda take tare sanyin ƙasa, ana kiranta R. Gwajin ISO da Injiniya ya ambata a kan shimfiɗa mai R kusan 5 ake yin sa, saboda haka in ka ɗora jakar -10 a kan siririn soso mai R 1, ba za ta ba ka -10 ba. Soson nan mai naɗewa irin Z Lite na Therm-a-Rest R 2 ne, nauyinsa wajen gram 400. Abin daɗin shi ne lambobin suna haɗuwa: soso mai 2 a ƙasa, katifar iska mai 2 da rabi a sama, ka samu 4 da rabi. Ka tambayi kamfaninku wace irin katifa suke bayarwa da kaurinta. Sau da yawa ƙarin soso ɗaya ya fi ƙarin dala ɗari a kan jaka amfani.

Abu_Khadija
Tambaya ta gefe. Shi wannan gashin tsuntsun da ba mu san yadda aka yanka shi ba, mutum zai iya kwana a cikinsa ya tashi ya yi sallah da kayan jikinsa?

Baba_Alhaji_Jos
A mazhabarmu ta Malikiyya lallausan gashin tsuntsu yana cikin abubuwa masu tsarki, tare da ulu da gashin dabba. Inda malamai suka yi magana shi ne kan karan gashin. Ka kai wa malaminka tambayar ya warware maka. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ga audugar roba nan. Abin da zan ƙara tunda an zo maganar sallah: bayan alwalar isha'i a goge ƙafa ta bushe ƙarƙaf, har tsakanin yatsu, a sa busasshiyar safa ta ulu wadda aka keɓe don barci kaɗai. Ƙafa mai damshi ba ta ɗumi har gari ya waye, ko jakar ta nawa ce.

Gwanjo_Master
A koma kan araha. A dilolin gwanjo ana dacewa da jakunkuna masu kyau, amma sai ka iya dubawa. Ka zazzage ta, ka girgiza, ka shimfiɗa a ƙasa ka ba ta minti 20. Sai ka auna tudunta a wajen ƙirji. Mai Limit wajen -7 tana tashi santimita 12 ko 13. Wadda za ta iya da Barafu ana so ta kai 17 ko 18. In ta kwanta shafal kamar bargo, ta mutu, ko me aka rubuta a jikinta. Audugar roba ta fi saurin mutuwa, domin duk matsewar da aka yi mata zaren yana karyewa, ba ya dawowa. Gashin agwagwa in datti ne kawai ya kwantar da shi, wanki yana tashinsa.

Sai ka ɗaga ta saitin rana ka duba ko akwai gurbin da haske ke ratsawa, alamar gashin ya gudu daga wurin. Ka shinshina, in akwai warin fumfuna ka ajiye. Ka ja zif sama da ƙasa sau da yawa, in na kamfanin YKK ne ya fi. Jakunkunan sojan Amurka masu hawa-hawa suna da ɗumi da ƙarko, amma cikakken saitin ya haura kilo 4, ba na mai tafiyar ƙafa ba ne.

Ummu_Safiyya
Injiniya, na gode, yanzu na gane. To ɗinkin fa? Na ga wasu kamar rigar sanyi, layi-layi.

Injiniya_Gwale
Nan ma akwai magana. Iri biyu ne. Akwai wadda aka ɗinke yadin sama da na ƙasa kai tsaye, to duk inda zaren ya bi babu gashi, sanyi yana shiga ta kowane layi. Wannan ta wurin da sanyinsa ba ya sauka zuwa sifiri ce. Akwai kuma wadda aka sa siririn yadi a tsaye tsakanin sama da ƙasa, gashin yana zaune a ɗaki-ɗaki, kaurin bai yanke ba ko'ina. Ki kama layin ɗinkin ta ciki da ta waje ki ja, in ya buɗe akwai tazara to mai ɗaki ce. Bayan wannan a duba abu uku: hula mai igiya, wuyan ciki mai kauri da ke rufe kafaɗu, da doguwar matashiya da ke bin bayan zif. Jakar da ba ta da waɗannan, duk juyin da kika yi ɗumin yana fita ta wuya.

Siffa kuma mai tsukakken ƙafa ake so, ba mai kusurwa huɗu ba. Kada a sayi wadda ta fi mutum tsawo da yawa, domin jikinsa ne zai ɗumama wurin da ya rage. Matsakaiciya yawanci tana ɗaukar mai tsawon santimita 183. Mai 165 ya nemi gajera, ko ya cusa kayan da zai sa gobe a ƙasan ƙafarsa su cike gurbin.

Dan_Mambila
Akwai wata dabara ga wanda ya riga yana da jakar matsakaicin sanyi. Ya haɗa biyu. Ta gashin a ciki, ta audugar roba mai faɗi a waje, yadda ta wajen ba za ta danne ta cikin ba. Damshin jiki a ta wajen yake taruwa, ita kuma ba ta damu da shi ba. In aka juya su, ko ta wajen ta matse, an yi asarar duka biyun.

Hauwa_Mai_Tafiya
Da kuma gorar ruwan zafi. Gora mai kauri irin Nalgene mai lita ɗaya, a ce masu girki su cika ta da ruwan zafi bayan cin abincin dare, a ɗaure murfin sosai, a juya ta ƙasa a tabbatar ba ta ɗiga, a zura ta a safa, a sa tsakanin cinyoyi ko wajen ƙafa. Tana yin awanni da ɗumi, da safe kuma ga ruwan sha da bai daskare ba. Gorar ruwan kanti ba ta jure ruwan zafi, kuma ma ba a barin shiga da irinta dutsen. Zanen ciki da ake sayarwa da alkawarin ƙarin digiri 10 ko fiye, kada a gina lissafi a kai. Digiri biyu ko uku za a samu, babban amfaninsa tsare jakar daga datti.

Baba_Alhaji_Jos
Ni har yanzu ina kan bakana, har ma zan ƙara. In tafiyar nan ɗaya ce ba ka da niyyar maimaita irinta, kada ka saya. A Moshi da Arusha ana ba da hayar jakunkuna masu kauri, kuɗin tafiyar gaba ɗaya bai cika wuce dala 50 ba. Ka zo da zanen cikinka saboda tsafta. Sharaɗin shi ne ka isa da kwana ɗaya a hannu, ka duba jakar da idonka kamar yadda Gwanjo_Master ya bayyana, in ta kwanta ka ce a canza. Jakar -10 a Kano ko Zariya babu daren da za ka buƙace ta.

Injiniya_Gwale
Haya tana da kyau, Baba, sai dai Agusta lokacin cunkoso ne, masu kyaun suna ƙarewa. Ya sa kamfanin ya ajiye masa tun yanzu, a rubuce. In kuma ya zaɓi saye, ya san yadda zai adana ta. Ba a barinta a matse a ƙaramin buhunta bayan an dawo. A shanya ta ta bushe sarai, a sa ta a babban buhun yadi mai shan iska ko a rataye, nesa da bango mai damshi lokacin damina. Wanki kuma ba da omo ba, domin yana cire man da ke jikin gashin. Akwai sabulunsa na musamman, irin Nikwax Down Wash. Ba a murɗe ta, ba a ɗaga ta da gefe ɗaya tana jiƙe, nauyin ruwan yana yaga ɗakunan ciki. A shanya a inuwa a kwance, ana warware curin da hannu lokaci-lokaci, kwana biyu ko uku.

Dan_Tsauni88
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na cire ta dala 40 daga lissafi. Yanzu tsakanin haya da sayen mai 650 nake. Na ga wata mai Comfort -5, Limit -11, gashi gram 800, da tambarin ISO. In na haɗa ta da soso biyu da gorar ruwan zafi, na kwana da rigar sanyina, za ta kai ni?

Sarkin_Hanya
Ga namiji mai ɗumin jiki za ta kai, in jakar tana da faɗin da rigar ba za ta matse ba. Ka gwada a gida: ka sa rigar, ka shiga, ka ja zif har sama. In ka ji kafaɗunka suna tura yadin, ka cire rigar ka shimfiɗa ta a kan ƙirjinka daga ciki.

Hauwa_Mai_Tafiya
Ni ban gamsu ba. -5 a Barafu ya yi kusa da baki. Nawa ne tsawonka da nauyinka, kuma a hunturun gida kana cikin masu rufa da bargo biyu ne ko ɗaya? Sannan har yanzu ba ka faɗa mana irin katifar da kamfanin zai ba ku ba.